Bayan Mounié da Dossou, wa zai riƙa ci wa Benin ƙwallo?

Wasa huɗu, ƙwallo biyu. Abin da Guépards suka iya jefawa a raga ke nan a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Maroko. Ta farko, ranar 27 ga Disamba 2025 a Rabat, Yohan Roche ne ya ci Botswana, shi kuwa ɗan baya ne. Ta biyu, ranar 5 ga Janairu 2026 a Agadir, Jodel Dossou ne ya farke wa Masar ana dab da tashi, yana da shekara 33 a duniya. Bayan nan Masar ta ƙara biyu a ƙarin lokaci, aka tashi 3 da 1, muka tattara kayanmu muka dawo gida.

Ba na raina abin da yaran nan suka yi. Tun 2004 muke zuwa wannan gasa, mun je 2008, mun je 2010, mun je 2019, amma ba mu taɓa cin wasa ko ɗaya cikin minti 90 ba sai a kan Botswana. Duk wanda yake Zongo a daren nan ya ji ihun da aka yi da hon ɗin 'yan zemijan. Murna ce ta halal. Sai dai yanzu ƙura ta lafa, ya kamata mu zauna mu yi lissafi, domin gasar 2027 da Kenya da Tanzaniya da Uganda za su karɓa tana tafe, bayanta kuma ga neman gurbin kofin duniya na 2030. Tambayar da nake son mu duba ita ce: a waɗannan shekaru, su wane ne za su tsaya mana a gaba, kuma daga ina za su fito?

Abin da alƙaluma suka nuna

Mu koma wasannin neman gurbin kofin duniya na 2026. Wasa goma muka buga a rukunin C, muka ci biyar, muka yi canjaras biyu, aka ci mu uku, muka tashi da maki 17. Ƙwallo 12 muka ci, aka zura mana 11. In ka ji 12 sai ka ce ba laifi. To amma huɗu daga ciki rana ɗaya aka ci su, a ragar Lesotho a watan Satumba 2025. Sauran wasa tara, ƙwallo takwas kacal. A wasa uku ma ko raga ba mu taɓa ba.

Cikin 12 ɗin nan, biyar Steve Mounié ne ya ci: ya ci Afirka ta Kudu a Durban, ya ci Najeriya a Abidjan ranar 10 ga Yuni 2024 da muka doke ta 2 da 1, ya ci Zimbabwe gida da waje, ya ci Lesotho. Wato kusan rabin abincin gidan daga hannun mutum ɗaya yake fitowa.

A majalisun shayi, in aka tayar da maganar kofin duniya, kowa Uyo yake tunawa: ranar 14 ga Oktoba 2025 da Victor Osimhen ya ci mu uku shi kaɗai, Frank Onyeka ya cike ta huɗu. Gaskiya ne ranar ta yi ciwo. Amma ni a ganina tun a Nuwamba 2023 muka zubar da tikitin, ranar da muka tashi babu ci da Lesotho. Ku yi lissafin da kanku: da ƙwallo ɗaya tak ta shiga a wannan wasa, maki 19 za mu gama da shi, Afirka ta Kudu kuwa da 18 ta wuce. Haka nan Najeriya da muka yi kunnen doki da ita a maki 17, da yawan ƙwallaye ta sha gabanmu. Na san akwai laifin 'yan baya a wasu wurare, kamar ranar da muke gaba da Zimbabwe 2 da nema suka farke duka. Duk da haka, ƙungiyar da ba ta iya cin ƙwallo fiye da ɗaya a yawancin wasanninta, kuskure ɗaya na ɗan baya ya isa ya kashe ta.

Wannan cuta ba yau ta fara ba. A 2019 a Masar, ƙarƙashin Michel Dussuyer, mun kai zagayen 'yan takwas da ƙwallo uku cikin wasa biyar: biyu na Mickaël Poté a ragar Ghana, ɗaya na Moïse Adilehou a ragar Maroko. A 2022 aka sauya mana suna daga Écureuils, wato kurege, zuwa Guépards, dabbar nan mai kama da damisa da babu mai kamo ta a gudu. Suna ya sauya, amma har yanzu da dabarar kurege muke rayuwa: a ɓuya, a jure, a jira abokin hamayya ya yi sake.

Waɗanda ke hannu yanzu

An haifi Mounié a Paraku ranar 29 ga Satumba 1994. Lokacin gasar 2027 yana da 32, a kofin duniya na 2030 kuma 35. Ɗan wasa irinsa, dogo mai cin ƙwallo da ka, wanda ba da gudu ya dogara ba, yakan daɗe fiye da masu sheƙawa a gefe. Don haka ina ganin in Allah ya ba shi lafiya zai kai mu 2027. Mutumin da ya ci biyu a wasansa na farko a Firimiyar Ingila da Huddersfield a 2017, ya kuma taimaka wa Brest ta gama ta uku a Faransa a 2024, bai manta hanyar raga ba. Amma wanda ya ce zai gina shirin 2030 a kansa, yaudarar kansa yake.

Dossou, haihuwar 1992, ya yi wa ƙasar nan abin da ba za a manta ba. A 2027 zai kai 35, aikinsa kuwa gudu ne a gefen fili. Mafi alheri a gare shi da mu shi ne ya koma mai shigowa minti ashirin na ƙarshe, yana nuna wa na baya hanya.

Sai masu tasowa uku. Tosin Aiyegun, haihuwar 1998, shi ya ci ƙwallon da ta ba mu nasara a kan Rwanda a Kigali a Oktoba 2025. Yana da sauri, ya kuma ɗauki kofin gasar lig ta Suwizalan da FC Zürich a 2022 kafin ya koma Lorient. Shekarunsa na ganiya su ne waɗannan da muke ciki, don haka shi ne gadar da za a taka tsakanin yau da 2028. Andréas Hountondji, haihuwar 2002, ya buɗe kakar 2025/26 a St. Pauli ta Jamus da cin ƙwallo a ragar Dortmund. Yana da tsawo, yana da gudu, kuma shi ne ya fi kama da magajin Mounié. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna wuri ɗaya ya buga kaka biyu cikakku, domin tun da Burnley ta saye shi a 2024 aro ake ta ba da shi. Junior Olaitan, shi ma haihuwar 2002, ƙafarsa ta fi ta kowa laushi a ƙungiyar, amma shi mai raba ƙwallo ne a bayan ɗan gaba. In aka ɗora masa nauyin cin ƙwallo, an yi asarar mai bayarwa, ba a kuma sami mai ci ba.

Akwai kuma maganar salon wasa. Gernot Rohr, wanda ya karɓi ƙungiyar a Fabrairu 2023, mun san shi tun yana Nijar da Najeriya. Mutum ne mai son a rufe gida tukuna, sannan a ɗaga doguwar ƙwallo ga ɗan gaba ya sauke wa na kusa da shi. Da Mounié wannan yana aiki. Ranar da babu shi kuwa, sai ka ga ana ta cilla ƙwallo sama ga mutanen da a ƙasa suke son ta. Ko Rohr ne zai ci gaba, ko wani ne zai gaje shi, aikin farko a wasannin sada zumunci shi ne a koyi wasa ba tare da Mounié ba tun yana nan, kada a jira ranar da dole ta sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hasashena a taƙaice: zuwa 2027 muna da abin da zai iya kai mu gasar, in Tosin da Hountondji suna buga wasa a kai a kai a kulob ɗinsu. Daga 2028 zuwa 2030 kuwa, sunaye biyu ko uku ne kawai a takarda, kuma rauni ɗaya ya isa ya mayar da mu inda muka fito.

A ina aka ƙera su?

Yanzu ku duba wani abu. Mounié tun yana ƙaramin yaro aka tafi da shi Faransa, makarantar ƙwallo ta Montpellier ce ta rene shi. Hountondji a Faransa aka haife shi, a Caen ya koyi sana'ar. Tosin a Legas ya tashi, ya bi ta Latbiya ya shiga Turai. Poté haihuwar Lyon ne. Marigayi Razak Omotoyossi, wanda ya rasu a Agusta 2025, Allah ya jiƙansa, shi ma a Najeriya ya fara kafin ya zo ya zama namu. Stéphane Sessègnon, wanda ya bi ta Requins de l'Atlantique ta nan Kwatano, ya fi kowa ci wa ƙasar nan ƙwallo da 24, amma shi ɗan tsakiya ne mai kai hari.

Kada a fahimce ni a karkace. Waɗannan duka 'ya'yan ƙasa ne, sun zaɓi rigar nan da zuciya ɗaya, kuma mu 'yan Zongo da kakanninmu suka zo da fatauci mu ne na ƙarshe da za mu tambayi wani inda aka binne cibiyarsa. Abin da nake nunawa shi ne, mai lamba tara da ake dogaro da shi, kusan kullum wani ne yake rena mana shi. Mu sai dai mu jira mu ji ko akwai wani yaro a Faransa ko Beljiyam mai uba ko uwa daga nan. In an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba fa? Kayan aro ba ya rufe katara.

Dalilin da ya sa ba ma fitar da masu cin ƙwallo, a matsayina na malamin lakwal da ke tsayawa da yara a fili ranar Laraba da yamma, ina ganin abu huɗu ne.

Na farko, irin ƙwallon da yaranmu ke tashi da ita. A lungunan Zongo da bakin teku a Placodji, dutse biyu ko takalmi biyu ake ajiyewa taku uku tsakani, babu gola, babu bugun kwana. Wannan wasa yana koyar da yanka da riƙe ƙwallo a matsatsi, shi ya sa ba mu rasa 'yan tsakiya masu fasaha. Amma yaro zai kai shekara 14 bai taɓa fuskantar mai tsaron raga a raga ta gaskiya ba, bai taɓa sa kai ga ƙwallon da aka kwaso daga gefe ba, bai san yadda ake karya tarkon satar gida ba. Cin ƙwallo sana'a ce ta maimaici. Wanda bai buga dubbai yana yaro ba, ba zai koya a sansanin kwana goma ba.

Na biyu, fili. Kwatano tana cika, kowane kango ana kewaye shi, kuma unguwanninmu da ke tsakanin tashar jiragen ruwa da kasuwa da bakin kogi su suka fi jin matsin. Gwamnati ta gina filayen wasa 22 a ƙananan hukumomi, abin a yaba ne. Amma yaron da ke aji biyar a nan ba zai je wata ƙaramar hukuma ya yi atisaye ya dawo kafin magariba ba. Babban filinmu na Général Mathieu Kérékou ma, rashin cika sharuɗɗa ya sa a Abidjan muka karɓi baƙuncin Najeriya da Rwanda da Lesotho. Yara da yawa sun girma ba su taɓa ganin da idonsu yadda Mounié ke motsi kafin ƙwallo ta iso shi ba, abin da talabijin ba ta nunawa.

Na uku, halinmu mu masu horar da yara. A gasar makarantu kowa so yake ya ɗauki kofi bana. Sai a ɗauki yaron da ya fi kowa girman jiki a ajiye shi a baya ya riƙa dokawa gaba, a sa mai gudu ya bi. Ana cin wasa a haka, amma ba a fitar da ɗan wasa.

Na huɗu, shekaru. A Satumba 2018 an kori tawagarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 daga gasar share fage a Yamai, bayan gwajin MRI ya nuna da yawansu sun wuce shekarun, har magana ta kai kotu a nan Kwatano. Illar rage shekaru a kan ɗan gaba ta fi tsanani. Saurayi ɗan 20 da ke wasa da 'yan 15 da ƙarfi yake cin ƙwallo, ba ya buƙatar dabara. Ranar da ya haɗu da tsaransa sai a ga babu komai. Shi kuwa ɗan 15 na gaskiya da aka ajiye a benci saboda shi, ya riga ya bar ƙwallo ya kama wani abu.

Hanyar da ta rage: makaranta

Ba cewa nake babu abin da ake yi ba. A 2005 da muka karɓi gasar matasan Afirka mun zo na uku, muka je gasar duniya a Holan, a can Omotoyossi ya ci Ostareliya. A 2023 'yan ƙasa da shekara 20 sun kai zagayen 'yan takwas a Masar kafin Senegal ta fitar da su da ci ɗaya. Akwai shirin azuzuwan wasanni da gwamnati ta shigar a makarantu, akwai kuma INJEPS a Porto-Novo da ke yaye malaman motsa jiki. A Afrilu 2023, da hukumar CAF ta yi gasar makarantun Afirka ta farko a Durban, CEG Sainte Rita ta nan Kwatano ce ta wakilci yankinmu a ɓangaren maza, CEG Cobly kuma a ɓangaren mata. Gasar ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ce. Ke nan waɗannan yara yanzu suna wajen 17 zuwa 18, a 2030 kuma za su kasance 21 zuwa 22, daidai shekarun da ɗan gaba ke fara nuna kansa. Haƙƙin hukumar ƙwallo ta ƙasa, FBF, ne ta bi sawun irin waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya, ta kuma faɗa wa jama'a kulob ɗin da kowannensu yake da yawan wasan da yake bugawa.

Makaranta ta fi kowace cibiyar ƙwallo ta kuɗi abu biyu. Tana da yara duka, na mai kuɗi da na talaka. Tana kuma da rajista: mun san shekarar da yaro ya shiga aji ɗaya, mun san shekarar da ya zauna CEP da BEPC. In aka haɗa lasisin ɗan wasa da wannan rajista da lambar shaidarsa ta ANIP tun yana ɗan 10, maganar rage shekaru ta mutu.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar biliyoyin sefa. Raga biyu na ƙarfe daidai da yara a kowace CEG da ke da fili. Gasa tsakanin makarantun kowace unguwa da za a riƙa bugawa duk mako daga Oktoba zuwa Mayu, maimakon gasar kwana uku da ake yi don hoto. Rabin awa a kowane atisaye da aka ware don bugun raga kawai, da dama, da hagu, da ka, da gola a tsaye. Sai kuma kulob-kulob na gasar ƙasa, irin su Coton da ASPAC da Buffles da Loto-Popo, a wajabta musu ba matasa 'yan ƙasa da 20 mintuna na gaskiya a fili. Yaron da ya gama CEG ya zauna benci shekara uku, an gama da shi.

Namu kason, mu 'yan Zongo

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babu unguwar da ta fi mu son ƙwallo. Yaro zai lissafa maka 'yan wasan Barcelona da Real Madrid har da na benci. Amma in aka zo rajistar ƙungiyar makaranta, sai ka ga namu sun yi ƙaranci. Na sha zama da iyaye a kan wannan, kuma uzurinsu ba na banza ba ne. Yaro yana lakwal safe da yamma, in ya taso ga makarantar allo ko Islamiyya, ranar Asabar yana rumfar babansa a kasuwa. Uba yana tsoron ƙwallo ta raba ɗansa da karatu da salla, ta haɗa shi da abokan banza.

Amsata gare su kullum ita ce, Alhaji, yaron nan yana buga ƙwallon ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Bambancin shi ne, ko dai ya buga a bakin titi tsakanin babura ba mai kula da shi, ko ya buga a makaranta gaban malami, inda sharaɗin shiga ƙungiya shi ne makinsa na aji kada ya faɗi. Na ga yaran da tsoron a cire su daga ƙungiya ya sa suka riƙe karatu fiye da yadda bulala ta taɓa sa su. Laraba da yamma babu aji. In malaman Islamiyya da na lakwal da iyaye suka zauna, awa biyu a mako ba za ta gagara ba.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata mu tashi tsaye a kai: 'yan damfara masu cewa su wakilan 'yan wasa ne, su karɓi kuɗin iyaye da sunan gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, a ƙare yaro ya maƙale a wata ƙasa babu kulob babu kuɗin dawowa. Dokar FIFA ta hana a kai yaro ɗan ƙasa da 18 wani kulob a ƙasar waje, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Duk wanda ya zo maka da maganar fitar da ɗanka ɗan 15, ya kuma ce ka kawo kuɗi, ka riƙe kuɗinka ka riƙe ɗanka. Wakilin gaskiya ba ya karɓar kuɗin jirgi a hannun uba. Hanyar da Olaitan ya bi, daga Ayema ta gasar cikin gida zuwa Niort a Faransa, ita ce mai tsawo, amma ita ce mai kaiwa.

Zuwa 2027, addu'armu Allah ya ƙara wa Mounié lafiya, ya ba Tosin da Hountondji sa'ar raga. Wannan ba ya hannunmu. Wanda zai sa lamba tara a 2030 da bayanta kuwa, yau yana wani aji a wata CEG, wataƙila a Jugu, wataƙila a Kandi ko Malanbil, wataƙila a layinmu. Ko zai sami raga da gola da malamin da zai tsaya masa kafin ya kai 15, wannan kam yana hannun hukuma da makarantu da mu iyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.